Man Shanun da Ke Ƙasan Akwatinka

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata jirgin ƙasa ya sauke ka Zariya lafiya, kai da akwatinka, kuma ka sami wurin kwana mai kyau a makarantar taku ta aikin gona. Tun da muka juyo daga tashar Kafanchan ban fasa yi maka addu'a ba, safe da yamma. Allah ya tsare ka daga ciwo, ya raba ka da mugayen abokai, ya buɗe maka kai. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Muna nan lafiya, mun gode wa Allah.

Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki fensir ba. Ka san rubutuna, da girmana na koye shi a ajin karatu na majami'a, kuma kafin in cika layi biyu wata mace ta gama surfe. Saboda haka in ka ga takardar ta yi yawa, ka san maganar ta dame ni ne. Ka sami wuri ka zauna ka karanta a hankali, kada ka karanta a tsaye kamar yadda ka saba.

Ga maganar. Buba, Bafillacen da shanunsa ke kwana a gonarmu kowane rani tun kana jariri, ya fara kwance rugarsa. Ka san da ruwan farko dole shanu su bar gona a yi shuka, kuma kullum gindin dutse suke komawa, nan kusa, su dawo mana da kaka. Bana ya ce ba gindin dutse zai tsaya ba. Zai kaɗa su ya nufi wajen Kaciya, kuma ba zai dawo ba. In ya tafi, matarsa Dije za ta bi shi. Dalilin tafiyar kuwa maganar da ka yi ce ran da muka yi maka sallama.

Kada ka ɗaure fuska tukuna, ba faɗa na zo yi ba. Ni mace ce mai godiya. Na gode wa Allah da ya raya mini kai, na gode da ya ba ka kan karatu, na gode da ban taɓa jin an kawo ƙararka a kan sata ko giya ba. Ran da na gan ka ka leƙo ta tagar jirgi kana ɗaga mana hannu, zuciyata ta cika da murna. Don ina godiya ne ma nake so in faɗa maka waɗanda ya kamata mu gode wa tare.

Bari in tuna maka ranar, don na san kai ka riga ka manta. Ran Lahadin nan bayan sujada mutane suka cika tsakar gidanmu. Ka sa kakin da aka ba ka a ofishin gona lokacin da kake koyon aiki a wurinsu, ka goge shi har yana ɗaukar ido. Ana cin tuwon acca ana raha, sai Baba Kazah, maƙwabcinmu na gabas, ya tambaye ka abin da za a koya maka a Zariya. Tambaya ce irin ta tsoho mai son hira. Kai kuwa ka miƙe tsaye, ka sa hannu ɗaya a aljihu, ka ce zamanin sa shanu su kwana a gona don taki ya wuce. Ka ce takin zamani ya zo a buhu, fari tas, ba wari ba ƙuda. Ka ce nan gaba kaɗan ba za a ƙara ganin saniya a gonar kowa ba, za a tattara Fulani a kai su inda aka keɓe musu.

Baba Kazah ya ce, "To, yarona, wannan taki na buhu, in an zuba, shi zai daɗe a ƙasa kamar na shanu?"

Ka ce, "Baba, wannan ba abin gardama ba ne. An gama magana."

Tsohon ya mai da hannu cikin akushi. Samari suka tafa. Babanka yana ta gyaɗa kai kamar shi ya tsara maka jawabin. Ni kuma uwarka na rangaɗa guɗa, don na ga ɗana cikin kaki yana magana manya sun yi tsit. Sai da na juya zan ƙaro miya na hangi Dije a bakin ƙofa da ƙwarya a kai. Ta zo yi maka sallama ne, kuma ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta ajiye wani ɗan abu kusa da turmi, ta juya ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

Kai a wurinka hira ka yi. Amma ka manta da abin da ke jikinka. A ƙauyen nan in mai kaki ya buɗe baki, gwamnati ce ta yi magana. Mutanenmu ba su san su raba ra'ayin Ishaya da dokar En'e, wato hukuma, ba. Fulani kuwa sun fi mu tsoron kaki, don ba sa ganinsa sai ran jangali ko ran da za a ce su tashi. Kafin ranar kasuwa maganarka ta yi ƙafafu. A kasuwa aka ce Bature ya riga ya sa hannu. Waɗanda ke da tsohon haushi don shanu sun taɓa shiga musu dawa suka sami abin yi, in sun bi ta gefen ruga sai su ɗaga murya su ce, "Saura ƙiris." Kai kana cikin jirgi kana kallon gari, nan kuwa wuta tana ci a bayanka.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo maka ba, gadon gida ne. Babanka mutumin kirki ne, na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma in ya ce yau ba za a yi ruwa ba, ko hadari ya rufe gari sai ya hana a kwashe shanya. In ruwan ya sauko kuma, sai ya ce ai ba wannan ruwan yake nufi ba. Akwai shekarar da Baturiyar mishan mai duba makarantu ta saurare shi yana yi wa 'yan'uwansa malamai bayani a taro, sai ta yi murmushi ta faɗi wata kalma ta Turanci a kansa. Ni bakina ba ya iya kama ta. Ya dawo gida yana fara'a, ya ce yau an yabe shi a gaban jama'a, ya ɗauko ƙamus don ya san girman yabon. Ina tsince wake ina kallonsa. Ya bi da yatsa har ya samu, ya karanta, ya sake karantawa, sai na ga fara'ar tana raguwa.

Na ce, "Malam, me ta ce?"

Ya ce, "Wai mutum ya riƙa faɗin ra'ayinsa da isa, kamar hukuncin da ba mai ikon tankawa, alhali kuwa ra'ayi ne kawai."

Na ce, "Ashe Turawa ma suna da irinku, har sun raɗa muku suna."

Ya rufe littafin ya ce ƙamus ɗin tsoho ne, ba abin dogara ba ne.

Ina yi masa tsiya da wannan har yau, amma ni ma da hannuna a cikin naka. Tun kana ƙaramin aji, in ka dawo daga makaranta ka katse babba kana gyara masa magana, maimakon in harare ka sai in ji daɗi, da yamma in ƙara maka tsoka a miya. Na ɗauka wayo nake kiwo. Ban lura ba cewa ina koya maka ne cewa wanda ya rufe wa mutane baki shi ke cin nama. Kuskurena ne, kuma guɗar da na yi ran sallamarka ita ce tsokar ƙarshe. Kada ka ƙara auna maganarka da yawan tafi. Ka riƙa duba wanda ya yi shiru, da wanda ya fita bai sha ruwa ba.

Ka san Dije ta shayar da kai, kowa ya sani. Amma kana jin maganar ne kamar yadda kake jin an ce ran Talata aka haife ka. Ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya faɗa maka yadda aka yi, to yau zan faɗa.

Kafin kai na haifi ɗiya, ba ta daɗe ba ta koma. Saboda haka da aka haife ka, tsohuwa Zigwai, gwaggon babanka, wadda ita ke karɓar haihuwa a zuriyarsu, ta ce sai an gwada nonona. Yadda ake yi, a tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugu ne, ba za a ba jariri ba. Tawa tururuwar ta ɗan motsa, sai ta tsaya. Zigwai ta ɗaga ludayin kowa ya gani, ta ce, "Ga abin da ya kashe ta farin. In wannan ya sha, shi ma zai bi ta." Ba ta ce tana zato ba. Ta ce daga yau jiƙo da ruwan kunu za a ba ka.

Babanka ya dawo daga makaranta ya ji, ya hau sama. Ya ce wannan aikin duhu ne, a gidan mai bi ba a duba da tururuwa. Ya ce nonona lafiyarsa ƙalau, kuma ba abin da zai shiga bakin ɗansa sai shi, ba jiƙo, ba kunu, ba madarar shanu, balle nonon wata mace. Shi ma bai ce yana zato ba.

To ga ni a tsakiya. In Malam yana gida, in sa ka a nono. In ya tafi makaranta, Zigwai ta karɓe ka ta ɗura maka jiƙo. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba, nonona ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi yana kaɗa ni, kana tsotsa amma abin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Ni na sani, tun da a jikina yake. Amma ban faɗa ba. In na ce ba ya fita, na ba Zigwai gaskiya na kunyata mijina. In na ce yana fita, na yi ƙarya. Kuma su biyun suna magana da irin ƙarfin da har na fara shakkar abin da nake ji a jikina. Suna ta musu a kanka, kowa da tabbacinsa, kai kuwa kana ƙanƙancewa. Da farko kukanka har maƙwabta suna ji. Daga baya ya koma kamar na ɗan kyanwa. Daga nan ya ɗauke. Sai ka buɗe baki, fuskarka ta yamutse, amma ba murya. Ishaya, ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba.

Wannan ma darasi ne, ta ɗaya gefen. A Zariya za ka haɗu da waɗanda suka fi ka iya magana da isa, malamai da Turawa da manyan ɗalibai. Ka girmama su, ka koya a wurinsu. Amma in abin da ka gani da idonka ya saɓa wa abin da suka faɗa, ka buɗe baki cikin ladabi ka ce, "Ni ga abin da na gani." Ƙarfin murya ba shi ne gaskiya ba. Ni na ɗauka shi ne, kuma na kusa rasa ka.

Ran nan da hantsi sai ga wata Bafillatana da tallan nono. Ban san ta ba sosai, sababbin zuwa ne, sun sauka a bakin rafi. Tana goye da 'yarta wadda ta girme ka da 'yan watanni. Ta yi sallama ta leƙo, ta gan ni zaune ina hawaye, kana kan cinyata. Zigwai tana gefe, nan da nan ta shiga ba ta labarin tururuwa, ta ce mata, "Ai ku ma kuna yi. Faɗa mata mugun nono ne." Ni kuma na ce, "Malam ya ce ƙarya ne. Ke me kika gani?" Kowace a cikinmu tana so baƙuwa ta zama shaidarta.

Ta sauke ƙwaryarta ta durƙusa. Ta taɓa maɗigarka, ta ɗan ja fatar cikinka, ta ce, "Mi anndaa." A bakinsu "ban sani ba" ke nan. Ta maimaita da Hausarta: "Ni ban sani ba. Ko mugu ne ko mai kyau, Allah ya sani. Ni dai na ga yaro yana jin yunwa." Ta kwance goyonta ta miƙa wa Zigwai, ta ɗauke ka, ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta sa ka a nononta.

Ka daɗe ba ka kama ba. Ta riƙa matsa maka a leɓe tana yi maka magana da Fillanci a hankali. Can sai muka ji ka haɗiya. Ka sake haɗiya. Daidai nan babanka ya shigo cin abincin rana. Na ga ya ja birki a ƙofa, na ga ya cika baki zai yi magana, har na san abin da zai faɗa. Sai ƙarar haɗiyarka ta shiga kunnensa. Ya tsaya yana saurare. Ya cire hularsa ya zauna a dokin ƙofa, bai ce uffan ba. Ya yi wa'azi da yawa a duniya, masu kyau kuwa, amma ba wanda na gode masa a kai kamar wannan shirun.

Daga ranar Dije ta riƙa zuwa safe da yamma, ko tallanta ya ƙare ko bai ƙare ba. 'Yarta a gefe ɗaya, kai a gefe ɗaya. Ta sa na riƙa gasa nonona da ruwan zafi, ina kuma sa ka a kai ko ba abin da ke fita. In na tambaye ta ko zai dawo, amsarta ɗaya ce, ba ta sani ba, mu dai gwada. Ya dawo kuwa. Na shayar da kai har yaye, na shayar da ƙannenka duka. Zigwai har ta mutu tana cewa jiƙonta ne ya wanke nonon, babanka kuma har gobe yana cewa dama shi ya faɗa. Ni na bar su, kowa ya riƙe nasa.

Abu ɗaya ya daɗe yana damun Dije, ka ƙi kuka. Ka yi ƙiba, kana wutsil-wutsil da ƙafa, amma murya shiru. Shi ya sa ta raɗa maka Ɗan Shiru, sunan nan da kake jin haushi in ta kira ka da shi a gaban abokanka. Ita tana roƙo in ta yi salla, ni ina roƙo a majami'a, kuma roƙon ɗaya ne: Allah ya ba yaron nan murya. Ranar da ka fasa kuka na sosai a hannunta kake. Ta ɗaga ka sama tana dariya har da hawaye, tana kiran mutanen gida su zo su ji.

Da ranin shekarar, babanka da kansa ya je wurin Buba ya ce ya kawo shanunsa su ci karan gonarmu su kwana a ciki. Haka aka ɗore har yau, su sami kara da wurin zama, mu sami taki. Dawar da ka ci ka girma a kan kashin shanun Buba ta tsiro. Ni da Dije kuma muka ƙulla ƙawance. Ran Kirsimati ita nake fara kai wa shinkafa, ran Sallarsu cinya guda takan aiko mana.

Ban ce takin buhu ba shi da kyau ba. Ban sani ba, kai za ka koyo ka zo ka faɗa mana, kuma don haka muka tura ka. Wataƙila ma ranar da ka faɗa za ta zo. Abin da nake roƙonka, tun da aikinka magana da manoma ne har ka tsufa, in za ka faɗi abu ka sanar da su wane iri ne. In da idonka ka gani, ka ce ka gani. In a aji ka ji, ka ce an koya maka amma ba ka gwada a ƙasarmu ba tukuna. In kuwa zatonka ne kawai, to ka ce zato ne, da babbar murya, musamman in kana cikin kaki. Manomi zai ɗauki maganarka ya zuba a gonarsa, kuma gonar nan ita ce abincin 'ya'yansa na shekara. In tsoho ya yi maka tambaya, ka bar shi ya kai aya. Baba Kazah ba gardama yake yi da kai ba, so yake ya sani, kuma har yanzu ba wanda ya ba shi amsa. In ka samo ta a Zariya ka kawo masa har gida.

Shekaranjiya muka je ruga, ni da babanka. Shi ya ce mu je, ba ni ba, ka riƙe wannan don ka san irin uban da Allah ya ba ka. Muka tarar an kwance bukkoki, an ɗaure sandunan dami-dami, an tuge turakan maruƙa. Bukka ɗaya ce kaɗai a tsaye. Buba ya shimfiɗa mana buzu, aka yi gaisuwarsu mai tsawo, aka tambayi gida da yara da gajiya. Sannan ya ce, "Malam, tsakanina da kai ba ɓoye-ɓoye. Na fi so in tashi da ƙafata, kada a zo a kore ni a gaban 'ya'yana. Yaron nan a ofis yake. Abin da ya faɗa, doka ce ko ba doka ba?"

Na dubi babanka, don na san shi. Na ce yanzu zai buga ƙirji ya ce ba wata doka, ya kawo dalilai goma. Sai ya riƙa juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Buba, ban sani ba. Ban ji an yi doka ba, amma ban shiga ofishinsu ba. Ina zaton ra'ayinsa yaron ya faɗa. Ka ba ni lokaci in tambaye shi."

Tun ina amarya nake jiran wannan kalma daga bakin mutumin nan, sai ga ta ta fito a ruga, a kan buzu. Buba ya dube shi. Ya ce da Malam ya ce masa babu, da bai yarda ba, don uba ba ya ƙin rufa wa ɗansa asiri. Amma tun da ya ce bai sani ba, zai jira. Zai jira har hutun Ista ya ji daga bakinka. In ruwa ya riga ka sauka, ba zai iya riƙe shanu a gonar da za a shuka ba, zai kama hanya.

Na bar su na shiga bukkar da ke tsaye. Dije tana zaune tana kaɗa nono, ko ludayi ɗaya ba ta ɗaure ba.

Na ce, "Ƙawata, kowa ya kwance, ke fa?"

Ta ce, "Ɗana bai sallame ni ba."

Na fara ba ta haƙuri, ina kuka, ina cewa ƙuruciya ce. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Rahila, kin ji muryarsa kuwa ran nan? Tun daga bakin hanya nake jiyo shi. Ɗan Shiru! Na tsaya a ƙofa na ce, Allah na gode maka, ka amsa." Ta ci gaba da kaɗa nononta. Can ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Ban dai zaci da ita za a kore ni ba."

Na zauna kusa da ita har ta gama.

To ga roƙona. Ka tambayi malamanku ko da gaske akwai wata doka, ka rubuto wa babanka amsa da wuri ya kai wa Buba. In akwai, ka faɗi gaskiya, kada ka ɓoye don ka faranta mana. In babu, to takarda kaɗai ba za ta isa ba. Da an ba ku hutun Ista ka shigo jirgin farko. Ka bar kakin a akwati. Kafin ka shigo gida ka bi ta ruga, ka durƙusa ka gaishe su, ka faɗa wa Buba da bakinka cewa zatonka ka faɗa. Ran Lahadi bayan sujada kuma ka maimaita a gaban mutanen da suka tafa maka, da irin muryar da ka yi ta farko. Na san zai yi maka nauyi. Babanka ya ɗauki nasa a gaban idona, kuma ban ga ya rage tsawo ba.

Saura abu ɗaya. Abin da Dije ta ajiye kusa da turmi ran nan, ɗan gora ne na man shanu, ta toshe bakinsa da ganye. Ta daɗe tana tara shi, don ta ji an ce abincin makaranta ba maiƙo. Na naɗe shi a tsohon zanena na sa a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, ban faɗa maka ba. Wataƙila ka riga ka gani ka ɗauka nawa ne, wataƙila ma ka fara ci. Ba nawa ba ne. Ka ci, don dominka aka yi shi. In za ka zo ka riƙo mata goran, za ta tambaya.

Allah ya tsare ka a aji da masauki, ya tsare ka a kan hanya. Ya sa albarka a muryar da muka roƙa maka mu biyu. Ya dawo mana da kai lafiya kafin ruwan farko.

Ni ce uwarka,
Rahila